Ƙasusuwan da Muka Ɗauko Daga Gonar Rogo

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo a akushi ɗaya, amma tafiyar da muka yi da ɗan majalisarmu zuwa kudu a ƙarshen shekarun saba'in ba za ta fita daga raina ba sai ranar da aka tura min ƙasa. Yanzu na tsufa, yawancin waɗanda abin ya shafa sun riga ni, shi ya sa nake ganin gara in faɗa da bakina. Ba zan kama sunan kowa ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne da ke tsakanin Baure da Babban Mutum. Lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke ina saurayi, na shiga soja, kuma ban tafi ni kaɗai ba. Akwai abokina da muka tashi tare, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Shi bai yi niyya ba, yana da sabuwar amarya da gona mai kyau da mahaifinsa ya bar musu. Ni na yi ta zuga shi har ya yarda. Ranar da za mu hau mota mahaifiyarsa, wadda ni ma Inna nake ce mata, ta riƙe hannuna a ƙofar gida ta ce, “Kai ka ja shi, to amanarsa tana wuyanka.” Na yi dariya na ce mata kafin kaka biyu mun dawo.

Ni na dawo. Shi ya mutu a gabana, a bakin wani rafi kusa da wata makarantar mishan. Ranar ni ne ke da zuwa ɗebo ruwa, amma ƙafata ta kumbura, sai ya karɓi jarkar ya ce in zauna. Su huɗu suka tafi, suka taka nakiya. Mu uku muka haƙa rami ɗaya muka rufe su cikin gaggawa, ana harbi ta ƙetaren rafin. Bayan kwana biyu aka tarwatsa mu, hafsan da ya kamata ya rubuta sunayensu shi ma ya mutu, sauran biyun da muka yi haƙan tare ban sake jin labarinsu ba. A takardar soja sai aka sa abokina cikin waɗanda suka ɓace.

Da na iso gida bayan yaƙi, tun daga Baure nake shirya yadda zan faɗa mata. Amma da ta fito da gudu ba ko mayafi, tana leƙa bayana ko yana tafe, sai na ji bakina ya ce, “Inna, an raba mu, an kai shi wata bataliya. Ƙila yana nan zuwa.” A lokacin na gaya wa kaina tausayinta ne ya sa. Na yi shekaru ina gaya wa kaina haka.

Ƙaryar nan ta zauna a ƙauyenmu kusan shekara goma, kuma ina kallon ɓarnar da take yi. Inna ta hana a raba gado, ta ce ba a rabon gadon mai rai. Gonar ta koma saura, sabara da geza suka cinye ta, ƙannensa mata biyu suna zuwa aikatau a gonakin mutane. Matarsa ta jira har ta gaji, ta je gaban alƙali aka raba auren bisa shari'a, ta auri wani mai saƙa a Zango. Inna ta ɗauke ta maciyiyar amana, ko a gidan suna suka haɗu sai ta tofar da yawu ta juya baya. Duk wanda ya dawo daga Kaduna ko Ikko sai ta aika a tambaye shi ko ya ga ɗanta. Ni kuwa duk safiya sai na durƙusa na gaishe ta, ta ce, “Babu labari?” in ce, “Tukuna, Inna.”

Shekarun nan kuma ba masu sauƙi ba ne. Fari ya zo ya kashe shanu, rijiyoyi suka ƙafe, bayansa cuta ta faɗa wa gyaɗa har mutane suka daina shuka ta. A rediyo kullum ana cewa ƙasa ta yi arzikin mai, mu dai abin da muka gani shi ne samarinmu suna barin gona suna tafiya birni leburancin siminti, su dawo da agogo da rediyo, rumbuna kuwa wayam.

Da soja suka mayar da mulki ga farar hula aka yi zaɓe, sai yankinmu ya tura wani tsohon shugaban makarantar firamare majalisa a Kaduna. Ko bayan an zaɓe shi Hedimasta muke ce masa. Siririn mutum ne mai tari, ba ya son dogon surutu. Bai jira komai ba ya fara zagaya ƙauyuka da kansa, yana duba rijiyoyin da za a yashe, yana neman a kawo wa manoma irin gero mai saurin nuna da shanun huɗa, domin a cewarsa in gona ba ta tashi ba babu abin da zai tashi. A wannan zagayen ne ya riƙa cin karo da gonaki irin ta su abokina. In ya tambaya me ya sa ba a noma wannan, sai a ce mai ita ya tafi yaƙi, ba a san ko yana raye ba. Ya ga irinsu a ƙauyuka da dama, da mata waɗanda ba su da miji kuma ba su yi takaba ba. Shi kansa ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya yana cikin ɓatattun, amma bai cika maganarsa ba.

Sai ya tara mu tsofaffin soja a Baure, ƙarƙashin wata bishiyar maina, yana tambayar kowa wa ya gani na ƙarshe, a ina, a wane hali. Da aka zo kaina na maimaita abin da na saba faɗa. Ya rubuta.

Bayan kamar mako uku ina gona ina ɗaure karan dawa, sai na ga mota ta tsaya a bakin hanya. Ya tako shi kaɗai har inda nake, muka gaisa, ya zauna a kan dami.

“Samari,” ya ce, don haka yake kiran duk wanda bai kai shi shekaru ba, “na bi ofisoshi na ga takardu. Abokinka ba a taɓa ɗauke shi daga bataliyarku ba. Rana ɗaya kuka shiga, kuma kuna tare har ranar da sunansa ya tsaya.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, takarda tana kuskure.”

“Tana yi,” ya ce. “Ni ba alƙali ba ne, ban zo kama ka ba. Ni ma ina da uwa da take zaune kamar tasa. Da akwai wanda ya san inda ƙanena yake kwance ya ɓoye min, ban san me zan ce masa gaban Allah ba.”

 Na zauna a ƙasa na faɗa masa komai, har da maganar jarkar ruwa da ban taɓa faɗa wa ko matata ba. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko zan gane wurin. Na ce ina tuna sunan garin da makarantar. Ya ce to za mu je mu ga kabarin da idonmu, mu yi addu'a, mu dawo da shaida, amma Inna ni zan faɗa mata da bakina. Na roƙe shi ya bari sai mun dawo. Da ƙyar ya ce to. Daga baya ya ce min wannan alfarmar bai kamata ya yi min ita ba.

Mu huɗu muka tafi a a-kori-kura: shi, da ni, da direba, da na'ibin limamin ƙauyenmu, dattijo mai ilimi. Hedimasta ya samo takardun izini tun daga Kaduna. Kwana uku muka yi a hanya. Ko'ina muka bi ana fasa sabon titi, manyan motoci cike da kaya suna wuce mu. Da muka ƙetare babban kogi ƙasa ta sauya ta koma ja, bishiyoyin kwakwar manja suka fara. Warin ƙasar kaɗai ya dawo min da abubuwan da na ɗauka na binne. A wasu gidajen har lokacin akwai ramukan harsashi a bango.

Mun sami garin, mun sami makarantar, an sake mata rufi. Sarkin garin ya karanta takardunmu ya haɗa mu da wani malamin makarantar. Da malamin ya buɗe baki sai ga Hausa tas kamar Bakano. Ya ce a Kano aka haife shi, can ya yi wayo, sun gudo ne lokacin tashin hankalin da ya zo kafin yaƙi, kuma mahaifinsa bai iso gida ba. Ya faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba, sannan ya ce mu je. 

A bakin rafin na rikice. Babbar bishiyar da na yi alama da ita an sare ta, dajin duk ya zama gonakin rogo. Na yi ta kai da kawowa ina nuna nan ina nuna can, gumi yana keto min, har na fara ganin direba yana kallona kamar maƙaryaci. Sai malamin ya ce akwai wata tsohuwa da ya kamata mu gani.

Ta zo tana dogara sanda, ƙanƙanuwa, da zane ɗaya a ƙirji. Da aka yi mata bayani sai ta juya muka bi ta cikin rogonta. A tsakiyar gonar akwai wani fili da bai fi tabarma biyu ba, ba a shuka komai a kai ba, an share shi tas, an kewaye shi da duwatsu. Ta ce da suka dawo daga daji bayan yaƙi ta tarar da ƙasar wurin a tashe, ta san mutane ne a ciki, tun daga nan ba ta taɓa sa fartanya a kai ba.

Sai ta yi wata magana tana kallona, malamin ya ɗan yi jinkiri kafin ya fassara. Ya ce, “Tana tambaya, kai da ka haƙa ramin, ko akwai ɗan garin nan a ciki. Ɗanta ya tafi yaƙi ta wannan rafin, bai dawo ba. Shekarun nan duk tana share wurin ne ko yana ciki.”

Na dubi Hedimasta, ya kawar da kai ya bar ni da ita. Wallahi ƙarya ta zo har bakina, irin waccan mai kama da tausayi. Da na ce ban sani ba, da ta ci gaba da zama da ɗan abin da take riƙe da shi. Amma na ce, “Gaya mata babu. Su huɗu ne, duk namu ne, da hannuna na sa su.”

Tsohuwar ta zauna a kan kunya ta rufe fuska da hannu biyu. Ba ta yi kururuwa ba, kafaɗunta kawai ke rawa. Ni da na zo ƙasarsu da bindiga, ban san ko harsashina ne ya sami ɗanta ba, ina tsaye a kanta kamar gunki. Can ta share ido ta yi magana. Malamin ya ce, “Ta ce ta gode. Ta ce yanzu ta san ba nan zai kasance ba.”

Niyyarmu addu'a ce kawai mu juya, domin na'ibi tun a hanya ya ce ba a tone kabari haka kawai, inda mutum ya faɗi nan ƙasarsa take. Amma malamin ya nuna mana wasu turaku masu jan fenti da suka ratsa gonar, ɗaya ma a gefen duwatsun. Sabon titi ne zai bi ta nan, kuma daga inda muke muna jin rurin katafila a bayan tudu. Ya ce bai fi 'yan makonni ba ta iso. Na'ibi ya ja carbinsa, sannan ya ce in dai kabari zai wulaƙanta, to an yarda a ɗauke mamaci a kai shi inda za a mutunta shi. Hedimasta ya koma wurin sarkin garin da hukumar yankin, ya kwana biyu yana bin sa hannu. Muka sayi farin yadi a kasuwarsu.

Ranar haƙan samarin garin suka kawo shebur suka taya mu, amma da aka kusa sai na ce su dakata, na shiga ramin da hannu. Ba zurfi, don a gurguje muka yi shi. Abin da na fara taɓawa tafin takalmin soja ne. Ba zan bayyana sauran ba. Ƙasa mai damshi ta ci abin da za ta ci, saiwoyi sun ratsa, ƙasusuwan mutum huɗu sun cakuɗe babu mai iya cewa wannan na wane ne. Hedimasta ya tambaye ni a hankali ko zan iya gane abokina. Na ɗaga wannan na ajiye, na ɗaga wancan, na ce ba zan iya ba. Mutumin da muka yi wasan ƙasa tare, wanda ya karɓi jarka a hannuna, na kasa bambanta shi da baƙi. A nan ne kukan da ban yi ba shekara goma ya zo min, a cikin rami, gaban mutanen da muka yaƙa.

Na'ibi ya ce kada a raba su da zato, tare suka kwanta, tare za su tafi. Muka naɗe su a likkafani ɗaya. Sauran ukun sunayensu na farko kawai na sani, ɗaya na tuna yana cewa shi daga wajen Gumel yake. Hedimasta ya rubuta, ya ce zai nemi danginsu. Tsohuwar ta raka mu har bakin mota, ta ɗora hannu a kan likkafanin ta yi wata magana da yarensu. Malamin bai fassara ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Da hantsi muka shigo ƙauye. Aka tsaya da motar a ƙofar gidan dagaci, Hedimasta ya ce min, “Sauran naka ne.” Na tarar da Inna a tsakar gida tana kaɗi, idonta ya riga ya yi rauni, da murya ta gane ni. Na durƙusa nesa da ita kaɗan. Ta ce, “Kun dawo? Babu labari?”

Na ce, “Akwai, Inna. Ya rasu. Tun a yaƙi ya rasu, a gabana. Mun kawo shi, yana ƙofar gidan dagaci.”

Mazarin ya tsaya a hannunta. Sannan ta ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A gabanka ka ce?”

“A gabana.”

“Wa ya rufe shi?”

“Ni ne, da wasu mutum biyu.”

“An yi masa salla?”

“Mun yi, a tsaitsaye, da takalmanmu.”

Na faɗa mata maganar ƙafata da jarkar ruwa, ina jiran ta ce ni na kashe shi. Ba ta ce ba. Ta ce, “Wannan kwanansa ne ya ƙare, ba kai ka ajiye nakiya ba. Da ka faɗa min ranar da ka dawo, da na yi kuka na haƙura kamar kowace uwa. Amma ka bar ni shekara goma ina roƙon Allah Ya dawo min da shi, alhali gafara ya kamata in roƙa masa. Ko sadakar uku ban yi masa ba. Ka sa na ci mutuncin yarinyar mutane a banza. Kullum ka zo ka durƙusa a nan ka dube ni.” Ta ɗauki mazarinta ta ce, “Tashi ka ba ni wuri.”

Bayan azahar aka rufe su a maƙabartar ƙauye, mutane suka zo daga Baure, daga Zango, har da iyalan wasu ɓatattun da suka ji labari, suna tare Hedimasta kowa da sunan nasa a baki. Inna ta aika aka kira tsohuwar matar ɗanta, ta nemi gafararta a gaban mata. Aka raba gado, damina ta gaba ƙannensa suka sare sabarar suka shuka gero da irin da Hedimasta ya kawo. Ni kuwa na ci gaba da zuwa gaishe ta, takan amsa da “lafiya” ta yi shiru. Ba ta sake kiran sunana ba har ta rasu bayan shekara biyu. Ban sani ba ko ta yafe min, kuma ba ni da bakin tambaya.

Hedimasta ya gano dangin ɗaya daga cikin ukun nan, biyun har yau babu wanda ya zo nemansu. Ya samo wa wasu gidaje tabbacin mutuwar nasu, wasu bai samo ba. Bayan 'yan shekaru soja suka sake karɓar mulki, majalisar ta watse, ya koma gida da tarinsa, amma bai daina rubuta wasiƙu da bin tsofaffin soja ba. Nasa ƙanen dai, Hedimasta bai taɓa samun ko labarin inda ya faɗi ba, har shi ma ya koma ga Allah.

Abin da na koya na koye shi a makare. Na ɗauka ina kare Inna daga baƙin ciki, ashe kaina nake karewa daga kallon idonta, ita kuma ta biya da shekara goma na rayuwarta. Baƙin cikin mutuwa yana da ranar farawa, mutum ya yi kuka, ya yi addu'a, a hankali ya miƙe. Wanda aka bari cikin jira ba shi da wannan ranar. Tun daga lokacin, in mummunan labari ya faɗo a hannuna, ba na bari rana ta faɗi ban kai shi ga mai shi ba, ko da zai tsane ni saboda shi.